Shekarar da Na Daina Jin Mahaifiyarku

Na san abin da ake faɗa a unguwa, kuma na san kun ji shi tun kuna ƙanana, ko da yake babu wanda ya taɓa maimaita mani a cikinku. Ana cewa mahaifiyarku ce ta raba ni da shagon lasifika, ta raba ni da yayana Lawal, ta zaunar da ni a ƙofar kicin kamar kyanwa. Wasu ma har suna rage murya su ce ai ba a banza ta bar ni ba. Lokacin da take raye, duk sanda na tashi zan tanka sai ta ce in ƙyale su. Na ƙyale su. Yanzu ba ta nan, ni ma ƙafa ta fara nauyi, kuma ba zan yarda ku gaji wannan magana a kanta ba. Don haka ku saurara, ga yadda aka yi.

Ni da Yaya Lawal muka buɗe shagon a Ƙofar Ƙaura, muna ba da hayar kayan sauti. Biki, suna, wa'azi, saukar karatu, taron siyasa, duk namu ne. Shi ke da baki, shi ke ciniki da masu taro. Ni ke da waya da amfilifaya, ni ke tsayawa gaban akwatuna ina murɗe-murɗe har sauti ya zauna. A Katsina ta wancan lokaci, kuma ban ce an daina ba, mai biki ba ya tambayarka ko sautinka na da daɗi. Tambayarshi ɗaya ce: har ina za a ji? In bikin ɗiyar maƙwabcinshi ya kai Ƙofar Ƙwaya, to nashi sai ya wuce can, in ba haka ba an raina shi. Wani kuma tsayawa zai yi yana ƙirga akwatuna da ido. Saboda irin waɗannan muna da wasu manyan akwatuna da babu komai a cikinsu sai yanar gizo, mu jera su a sama don ido ya ƙoshi, mai biki ya yi ta yaba ƙarfinsu. Sana'ar ta karɓe mu, ba ƙarya. Da ita na yi aure, da ita na sayi filin gidan nan. Abin da ban ɗauka a bakin komai ba shi ne ƙarar da ke biyo ni gida bayan kowane taro, wani siririn "wiii" a cikin kunne. Da farko kafin gari ya waye ta tafi. Daga baya sai ta zauna, na saba da ita har na daina lura.

A shekarar da nake ba ku labari, sai na fara ƙorafin cewa kayanmu sun yi sanyi. In na tsaya a fili sai in ji sautin a dushe, kamar an lulluɓe akwatunan da bargo. Na matsa wa Yaya Lawal har muka sayo amfilifaya ta biyu, ƙarfin ya ninka. Na kunna ina jiran ƙasa ta tsage, sai na ji bambancin ɗan kaɗan ne, har na zargi mai sayarwa da cuta. Na koma ina ƙara kaifin sauti, ina murɗa shi har ƙarshe. Mata a wurin biki suna toshe kunne da mayafi, jarirai na tsala ihu, ni kuwa ina cewa har yanzu da saura. Yaya Lawal murna yake, yana gaya wa mutane duk garin babu kayan da suka kai namu yanka.

A gida kuma wani abu na faruwa wanda ban haɗa shi da wannan ba ko kusa. Kun san mahaifiyarku, Ramatu, ɗiyar Fulani ce, a rugar da ke gabas da gari ta tashi, kuma da kunyarta ta zo gidan nan da ita ta koma. Ba ta taɓa ƙwala mani kira daga wani ɗaki ba. In tana da magana sai ta zo ta bayana, ko ta tsaya jikin labule, ta sunkuyar da kai, gefen mayafi a bakinta, ta ce "Malam" sau ɗaya, a hankali. In na amsa ta faɗi abin da ke tafe da ita. In ban amsa ba, ba ta sakewa, don a gidansu maimaita wa miji kira rashin ta ido ne. Shekaru muna haka lafiya lau. Sai kawai na wayi gari na lura matar nan ta daina yi mani magana. Abinci na nan a kan lokaci, ruwan wanka na nan, kaya a wanke a goge, amma baki shiru. In da saƙo sai ta aiko Hadiza, babbarku, ita kuwa Hadiza tun tana yarinya in ta yi magana har maƙwabta sai sun amsa. Na yi ta lissafin laifin da na yi ban samu ba. Kun san halina, zuciya gare ni. Na ce tunda gaba take so, bismilla, ni ma na iya. Muryar maza ina ji, ihunku ina ji, kiran salla ina ji, to ta ina zan zargi kunnena?

A cikin damina mahaifiyarta ta rasu. Da aka aiko na kai ta ruga, aka yi zaman makoki, na dawo da ita. Har a raina na yi mamaki, ashe tsohuwa ta daɗe a kwance amma ɗiyarta ba ta ko nemi zuwa dubiya ba. Na ƙara riƙe ta da wannan. Bayan mun dawo shirun ya ƙara kauri, ko inuwa ɗaya ba ma zama. Ana nan sai Hadiza ta zo mani da saƙo wata safiya.

"Baba, Inna ta ce Kawu zai zo ranar Juma'a ya tafi da ita ganin gida."

Na ce Allah ya kai mu. Amma da na wuce ta ƙofar ɗakinta na ga ta sauke kwanonin jerenta duka, ta ɗaure su cikin zannuwa. Mai zuwa ganin gida ba ta ɗaure kwanonin aure. Na gane tafiya ce ba ta dawowa ba, amma girman kai ya hana ni tsayar da ita. Na sa takalmi na tafi shago.

A ranar ne Yaya Lawal ya tura ni GRA, gidan wani dattijo mai ritaya, Alhaji Mannir. Ɗanshi ya aiko mashi da lasifiku daga waje, yana son wanda zai haɗa mashi su a falo. Na tafi da jakar waya da tunanin zan tarar da kaya. Da ya nuna mani su a kan tebur sai dariya ta ƙwace mani. Guda biyu ne, kowace ba ta fi galan ɗin man gyaɗa ba.

"Ranka ya daɗe, ina sauran?"

"Su ke nan, Malam Sule."

"To ina amfilifayar?"

"Tana cikinsu. Kowace da tata. Ɗaga ka ji."

Na ɗaga ɗaya da hannu guda, ba shiri na ƙara na biyu. Nauyi kamar dutsen niƙa. Ya gaya mani kuɗinsu, ban yarda ba sai da ya rantse, don sun fi duk abin da ke shagonmu har da janareto. A raina na ce masu kuɗi dai ba su rasa inda za su zubar. Na jona wuta, na ajiye su a kusurwa, ya sa wani kiɗan ganga. Jama'a! Bes ɗin da ya fito, wato ƙasan sautin nan mai bugun ƙirji, sai da na leƙa bayan kujeru ina neman inda aka ɓoye babban akwati. Alhaji yana ta dariya. A kusurwar ya yi yawa, yana gurnani yana cinye komai, sai na jawo su gaba kaɗan daga bango, na juyo da fuskarsu wajen kujerarshi. Nan take gangar ta tsaya cak. Kana jin inda gula ta sauka a fata, kana jin inda fatar ta saki. Shekaruna nawa ina tara akwatuna kamar buhunan gero, ban taɓa jin ganga haka ba. Namu ƙara ce kawai, tana dukan mutum amma ba ta gaya mashi komai.

Alhaji mutum ne mai son bayani, ya karance takardar kayan tas. Da na ba shi labarin amfilifayarmu ta biyu, ya ce ba cutata aka yi ba, haka abin yake. In ka ninka ƙarfin wuta, abin da kunne zai ƙaru da shi ɗan kaɗan ne. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, sai ka ba da ƙarfi wajen goma na wanda kake da shi. Ya ce shi ya sa bai damu da yawan wat ba, ya fi gane ya jawo kujera kusa, ya kunna a hankali, ya ji komai. Na gyaɗa kai, amma akwai abin da ke damuna, kuma a matsayina na mai sana'a na ga bai kamata in ɓoye mashi ba.

"Alhaji, ƙasan ba magana. Amma 'yan ƙananan na sama, masu fitar da siririn sauti, sun mutu. Duka biyun. Ka mayar masu da kayansu."

Ya dube ni. "Sun mutu kamar yaya? Ba ka jin sarewar?"

"Wace sarewa?"

"Sarewar da ke bin gangar tun farko."

Na matsa na kafa kunnen dama a jikin lasifikar. Babu komai. Na juya na hagu, na manna shi sosai. Can ƙasa, kamar daga wata unguwa, sai ga sarewa tana tafiya abinta. Na ɗago ina zufa, ga sanyin na'ura a falon. Sai na ga Alhaji yana kallon bayana. Na waiga. Hajiyarshi ce tsaye a bakin ƙofa da tiren lemo, fuskarta ba daɗi.

"Malam Sule," in ji Alhaji, a hankali, yana kallon fuskata, "Hajiya tun ɗazu take gaishe ka."

Wallahi ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Kunnena ban ma tuna da shi ba a lokacin, sana'a ma haka. Mace ce kawai nake gani tsaye a bayana, gefen mayafi a baki, tana cewa "Malam" sau ɗaya. Na ba Hajiya haƙuri, na bar jakar wayata a nan, na hau mashin.

La'asar ta yi na iso. Tana kicin tana tankaɗe, ku kuna islamiyya. Na jawo turmi na kifa a bakin ƙofa na zauna, abin da ban taɓa yi ba. Ta dube ni ta kau da kai.

"Ramatu, ki yi mani magana."

Na ga mayafin ya motsa. Ban ji komai ba.

"Don Allah ki sauke mayafin, ki dube ni, ki sake faɗa. Ba na ji. Kunnena ya tafi, sai ɗan saura a na hagu, yau na sani."

Ta sauke mayafin. Sannan ta ajiye rariya, ta matso, ta durƙusa daidai gefena na hagu.

"Cewa na yi, kullum ina yi maka."

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun kafin azumi. Ta ce da farko ta zaci gajiya ce, daga baya ta zaci wani laifi ta yi, ta yi ta neman gafara a bayana ina shiru. Ta murza bakin zaninta, sannan ta faɗi wadda har yau ba ta bar ƙirjina ba.

"Ranar da aka aiko Innarmu na kwance, kana tsakar gida kana gyaran injinka. Na zo na tsaya na ce, Malam, Inna ba lafiya, tana nemana, in je? Ba ka ko waigo ba. Na tsaya har ƙafata ta gaji. Na ce to, an hana ni."

Na yi kuka, ba zan ɓoye maku ba. Ita ma ta yi. Tsohuwar nan ta rasu tana neman ɗiyarta, ɗiyar na nan tsakaninta da ita tafiyar da ba ta kai awa ba, ni kuma na zauna ina ƙullatar ta da rashin tausayin uwa. Na ce mata mi ya hana ki taɓa ni, mi ya hana ki zagayo gabana? Ta ce ita ba a koya mata haka ba. Babu wanda zan ɗora wa laifi a nan, kuma ku ma kada ku ɗora wa kowa. Ranar Juma'a Kawunku ya zo, ya ci tuwo, ya koma shi kaɗai. Kwanonin ni na taya ta mayar da su.

Likitan kunne bai yi mani kwana-kwana ba. Ya ce na dama ya gama aiki, abin da ya tafi ba ya dawowa. Na hagu da saura, amma in na ci gaba da tsayawa gaban akwatuna shi ma zai bi ɗan'uwanshi, kuma ba da daɗewa ba. Ya ce siririn sauti ne ke fara tafiya, shi ya sa muryar mace da sarewa suka riga ganga ɓacewa. Na tambaye shi ko auduga za ta yi. Ya ce auduga ba ta tare irin wannan ƙara, kuma ko ta tare, da wane kunne zan saita kayan?

Matsalar ita ce lokacin zaɓe ya ƙarato, lokacin da masu hayar sauti ke yin abin shekara huɗu a wata uku. Yaya Lawal ya riga ya karɓi aiki ko'ina, kuma ba shi da wanda ya san kayan kamar ni. Na same shi a shago na gaya mashi.

"Kai Sule, wane irin zance ne wanga? Kunne ne fa, ba ido ba. Ka bari a gama zaɓe."

"Yaya, in na bari a gama zaɓe, babu abin da zai rage."

"To mi za ka ji da shi da ya fi abincin ɗiyanka?"

Na ce, "Ramatu."

Bakina ne ya jawo duk surutun da kuka taso kuna ji. Da na ce likita ya hana, da an wuce wurin. Amma na faɗi sunanta a gaban mutane, a bakin titi, ga masu shayi ga 'yan acaɓa. Kafin magariba labari ya zaga cewa Sule ya bar sana'a saboda mace. Yaya Lawal ya ɗauko wani ya sa a wurina, suka ƙona amfilifaya a taron farko, ya ɗora wannan ma a kaina. Shekaru bai tako gidan nan ba. Ban riƙe shi ba, don a idonshi na gudu na bar shi a tsakiyar aiki, kuma haka ne.

Kuɗin abin kun biya shi tare da ni, gara in faɗa. Benen da na sa harsashinshi ba a taɓa hawa ba, ga ƙarafan nan har yau suna kallon sama. An cire ku daga makarantar kuɗi. Akwai sallar da ba a yanka komai a gidan nan ba, na ga yadda kuka tsaya a ƙofa kuna kallon ragon maƙwabta. Na koma gyaran ƙananan kaya a zaure. Alhaji Mannir, Allah ya jiƙanshi, ya haɗa ni da abokanshi masu son irin lasifikunshi, ina zuwa ina zaunar masu da su a falo. Bes ina jin shi da ƙirjina da tafin hannuna, ba na buƙatar kowa. Na sama kuwa, in na gyara abu sai in kai wa mahaifiyarku kicin in kunna. Ta karkata kai ta ce, "Wannan tana soya kunne," ko ta ce, "Wannan mura take yi." In koma in sake. Duk lasifikar da ta fita daga zauren nan, kunnenta ne ya sa mata hannu, masu kayan ba su sani ba.

Na taɓa roƙonta ta dinga ɗaga murya kaɗan, don sauƙi. Ta dube ni kamar na ce ta fita ba mayafi.

"Ban taɓa ɗaga maka murya ba, ba da girma zan fara ba. Kai dai ka matso."

To kun ji asalin kujerar ƙofar kicin. Kun ji dalilin da ya sa ko a mota, ko a tabarma, kullum tana hagu da ni. Babu laya, babu rubutun sha. Na'urar ƙara ji da kuka haɗu kuka saya mani daga baya ta taimaka a masallaci da kasuwa, Allah ya yi maku albarka, amma a gida cire ta nake, don tana mayar da muryarta kamar ta rediyo. Yaya Lawal kuwa, da ya zo gaisuwar rasuwarta, sai da aka yi ta yi mashi ihu kafin ya gane ana ce mashi ya shigo. Ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Yanzu in mun haɗu mu yi ta ƙwala wa juna magana kamar masu faɗa, jikoki na dariya.

Saura abu ɗaya. Ranar ƙarshe a asibiti, da hantsi, dukanku kuna ɗakin. Bakinta ya motsa, Hadiza ta sunkuya ba ta ji ba, kuka yi ta tambayar juna mi ta ce, mi take so, a kira nas. Na ce ku ba ni wuri. Na zagaya na kawo kunnen hagu daidai bakinta, kunnen da na bar shago saboda shi. Daga baya kun tambaye ni ko wasiyya ta bari, na ce a'a, ban ƙara komai ba, na ga kamar ba ku ji daɗi ba. Ba wasiyya ba ce. Cewa ta yi, "Malam, kana ji na?"

Na ce, "Ina jin ki, Ramatu."